Lemo da Kanumfari a Daminar Manaus

Litinin, 18 ga Nuwamba, da yamma

Shekara shida da wata huɗu ke nan rabona da Mucuchíes, garinmu na kan dutse. Ina nan Manaus, a wata ƙasa, ina dako a bakin kogi. Da na fito cewa na yi shekara ɗaya zan yi.

Jiya 'yata Marlenis ta kira. Ta kara wa uwarta wayar a kunne, na ce, "Edilia, ni ne." Ina jin numfashinta. Can na ji ta ce wa yarinyar, "Wannan bawan Allah me yake sayarwa?" Marlenis ta yi dariya irin wadda ake yi don kada a yi kuka, ta karɓe wayar. Ba wannan ne karon farko ba. Ba zan rubuta ko na nawa ba ne.

Amma ta faɗa mini wani abu. Wai shekaranjiya uwar ta tsaya a bakin tagar da muke shirya komin jariri Yesu na adon Kirsimeti, ta daɗe, sannan ta ce, "Mai soka kanumfari bai zo ba bana. Lemo zai ƙare a kasuwa." Marlenis ta ce, "Baba, muryarka ce ta ɓace mata. Aikin hannunka yana nan."

A gidanmu kowace Kirsimeti kowa da lemonsa, ni nake soke su da kanumfari. Na Edilia a rufe ruf, ba a ganin ɓawo. Na Marlenis layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Nawa layi ɗaya ne mai zagaye, kamar hanyar da ke hawa dutsenmu. Na masu rai a ɗaura musu jan zare a rataye a saman komin. Na waɗanda suka riga mu ba zare, a farin faranti suke zama kusa da kyandir. Biyu ne a farantin, na uwar Edilia da na ɗanmu Argenis. Sun bushe kamar itace, har yanzu suna ƙamshi.

Tun da na bar gida Marlenis take gwadawa. Uwar takan juya lemon a hannu ta ajiye ta ce ba shi ba ne.

Nectario, wanda muke ɗaki ɗaya, zai tafi garinsu Maracaibo, can ƙasarmu, ranar sha takwas ga watan gobe. Ya ce zai bi ta hanyar dutse ya sauke mini saƙo, ko da zai ƙara masa kwana guda. Ni ba zan iya zuwa ba. In na tsallaka iyaka ba zan dawo ba, maganinta kuwa daga bayana yake fitowa, buhu bayan buhu. To, lemo zai je. In ta riƙe shi a hannu, wataƙila ta san wane ne ke kira ranar Lahadi.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da rana

Na sayo sha biyu a kasuwar bakin ruwa bayan mun gama sauke kwale-kwalen garin rogo. Uku nake bukata, amma ko a gida wasu kan ƙi. Lemon nan ƙasar kore ne, ɓawonsa siriri, ruwa fal a ciki. Ba irin namu ba. Kanumfarin dai mai kyau ne, ba zan yi musu ƙarya ba.

Da ƙusa nake fara hudawa, sannan in cusa. Babban yatsana ya tsage da dako, ruwan lemon yana shiga yana cizo. Nectario yana kwance a ragarsa ta lilo, wadda yake kwana a ciki, yana kallona.

"Ɗan dutse, me lemon nan ya yi maka? Matarka ya zaga?"

Na ce ya yi barci.

"Kai, dubi yadda yake caka masa! Mu a Maracaibo in mun ga lemo sha muke yi. Ku mutanen sama sai kun yi masa kitso tukuna."

Na ce mutanen da rana ta dafa wa kai ba za su gane ba. Ya yi dariya har ragar na lilo. Bakinsa ba ya rufuwa, amma shi ya riƙe mini fitilar waya da wuta ta ɗauke.

Na mirgina su a garin kirfa, na naɗe kowanne a takarda, na jera a kwali, na rufe, na tura ƙarƙashin tebur inda babu haske. Haka ake yi. Mako huɗu a duhu, ba a taɓa su sai juyawa.

Dona Jacira mai gidan ta tsaya a ƙofa da tsintsiya. Ta riga ta ji labarin duka daga bakin Nectario. Seu Baudilio take ce mini, wato Malam Baudilio a yarensu.

"Seu Baudilio, rufe su za ka yi? A garin nan? Ko takalmi ka rufe kwana uku sai ya fito da gemu."

Na ce, "Dona Jacira, shekara talatin ina yin abin nan."

Ta ce, "A ina?"

Ta ci gaba da shara.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da safe

Ruwa. Dona Jacira ta hau jirgi zuwa wurin ƙanwarta can saman kogi, ta ce sai tsakiyar wata mai zuwa. Ta bar mana makullin kicin.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da yamma

Ruwa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan coci

Na buɗe kwalin don in juya su. Tara. Na ƙirga da yatsa kamar yaro. Tara.

Nectario yana aske a bakin taga. Na ce, "Ina lemona uku?"

Ya juyo da kumfa a fuska. "Sun tafi Maracaibo su jira ni."

Na ce ba wasa nake ba. Ya ce shi ma ya ga alama. Daga nan na faɗi abubuwa. Na ce mutum biyu ne a ɗakin nan, ni ban ɗauka ba. Na ce ai da bakinsa ya ce in sun ga lemo sha suke yi. Na ce ko ya kai wa matar nan mai sayar da kofi da yake bi. Na ƙara da wata magana a kan mutanen garinsu wadda ba zan sa a takarda ba.

Ya goge fuskarsa a hankali. Ya ce, "Tsoho, ni na taɓa satar abinci, ban ɓoye maka ba. Ban taɓa satar na mara lafiya ba." Ya kwance ragarsa ya fita da ita baranda.

Ban kira gida ba yau.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da sassafe

Ruwa na feso masa a baranda amma bai dawo ciki ba. A bakin ruwa yana ɗora mini buhu a ka ba ya kallona. Ɗakin ya yi shiru. Na daɗe ina roƙon shirun nan, ga shi na samu.

Bai ce ya fasa kai saƙon ba. Bai ce zai kai ba.

Ƙamshin kwalin ya sauya kaɗan. Wataƙila hancina ne.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da rana

Wataƙila hancina ne.

Lahadi, 1 ga Disamba, da safe

Takardun sun jiƙe sun manne. Na kwance na farko, fumfuna fara ta rufe shi kamar auduga. Na biyu kore. Na Edilia ɗaya, wanda na ɓata yamma guda a kansa, da na ɗaga sai yatsana ya nutse ciki har gaɓa. Duka tara.

A Mucuchíes iskar Disamba tana tsaga leɓe. Ka bar wainar alkama a tebur da safe, da yamma ta zama tayal. Kwali da duhu kawai lemo yake so, iskar ta yi sauran. Ashe ba ni nake busar da su ba duk shekarun nan. Dutsen ne. Ni huda kawai nake yi.

Matar nan ta faɗa mini. Ta tambaye ni "a ina?" Na ji ta sarai.

Na tsince kanumfarin da bai lalace ba, na wanke, na shanya a murfin tukunya. Bai bushe ba. Babu abin da ke bushewa a garin nan, har rigar da ke jikina.

Marlenis ta kira da yamma. "Baba, ya aikin lemo?" Na ce yana tafiya. Ta ce ta fara shirya komin, ta ɗebo gansakuka daga bakin rafi, uwar ta taya ta jera 'yan tumakin yumɓu, har ta san wanda ƙafarsa ta karye. Ta ce, "In ba ta wayar?" Na ce a bari, kada a gajiyar da ita.

Talata, 3 ga Disamba, da yamma

Na sayo wasu sha biyun. Saura mako biyu, ba zai isa ba, na sani. Na soka dai. Wannan karon ba kwali. Na rataye su a taga da kirtani, iska ta buga su.

Yatsan ya kumbura. Da na tsakiya nake cusawa, layin ba ya miƙewa. Nawa mai zagayen ya fito kamar hanyar da ɗan giya ya zana.

Nectario ya leƙo ɗaukar takalminsa. Ya dubi tagar, bakinsa ya motsa, na ga maganar ta zo masa har leɓe. Ya haɗiye ta ya fita. Da ya faɗa da na fi so.

Alhamis, 5 ga Disamba, da safe

Ruwa. Iskar da ke shigowa ta tagar ruwa ce ita ma.

Asabar, 7 ga Disamba, da rana

Suna ɗiga. Kowane rami yana hawaye, ƙananan ƙudaje sun taru, tururuwa ta bi kirtanin ta sauko. Na goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Na kai huɗu kusa da murhu, sun dahu ta gefe guda, suna warin kifin da aka soya.

Ba laifin garin ba ne. Garin nan ya ba ni aiki lokacin da namu ya hana ni. Ba wanda ya taɓa korata daga layin asibiti. Ina rubuta wannan don in tuna, domin yau na tsaya a bakin kogin na zage shi da ƙarfi har wani mai kwale-kwale ya tambaye ni ko lafiya.

Lahadi, 8 ga Disamba, da yamma

Marlenis ta kara wa uwarta wayar ba tare da ta tambaye ni ba. Na ce, "Edilia." Ta ce, "Sannu, malam. Mai gidan ba ya nan." Na ce yaushe zai dawo? Ta ce, "Ya je sayo lemo."

Ban san me na ce bayan nan ba.

Litinin, 9 ga Disamba

Ban je aiki ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, da sassafe

Na kwashe su a buhu na kai juji. Sha biyun duka. Wani kare ya shinshina ya wuce.

Na yi tunanin in sayi kanumfari kawai in ƙulle a ƙyalle in aika. Amma kanumfari akwai shi a kowane shago. Ba ƙamshin take jira ba. Mai sokawa take jira.

Ya je sayo lemo.

Asabar, 14 ga Disamba, da rana

Ruwa. Nectario ya sayi jaka. Ya sayi takalman yara ƙafa uku, na gansu a baranda. Ban tambaya ba.

Lahadi, 15 ga Disamba, da yamma

Dona Jacira ta dawo da kwandon kifi busasshe da ciwon baya. Ta ga raga a baranda, ta ga taga babu komai, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya faru a gidana? Wa ya mutu?"

Nectario ya ce, "Ba wanda ya mutu, Dona. Ɓarawo aka kama. Ga ni nan."

Ta sa ya faɗa mata daga farko. Tana ji ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Wayyo Uwar Yesu, ni ce! Maza biyu da gemu, na bar ku mako uku kun raba gida!" Ta ja ni da hannun riga har kicin. Ta ce wa Nectario ya janyo firji. A bayansa, inda ƙarfen nan ke fitar da ɗumi dare da rana, akwai babban gwangwani. Ta buɗe, garin rogo ne soyayye cike da shi. Ta nutsa hannu har gwiwar hannu ta fito da abu ta busa.

Na Edilia. Ya ƙanƙance, ya yi duhu, kanumfarin ya matse juna babu ko tsaga. Ta ƙwanƙwasa shi a tebur, ya yi ƙara kamar ƙwarya. Sannan na Marlenis. Sannan nawa.

Ta ce, "Ɗai-ɗai na ɗauka daga kowane iri, da safen da zan tafi, kuna bakin ruwa. Garin yana shanye laima, mu a ciki muke ɓoye ashana da iri. Da na faɗa maka da ka ƙwace ka mayar kwalinka, ko ƙarya na yi? Shekara talatin!"

Ba ƙarya ta yi ba.

"Na ce in na isa zan kira in gaya muku, can kuwa ko sandar waya babu. Sai na manta. Tsufa ne, Seu Baudilio, ka yafe."

Na ce ba ita ce mai neman yafiya ba. Na juya wurin Nectario. Na shirya magana mai tsawo, abin da ya fito kaɗan ne. Na ce, "Na yi maka ƙazafi. Na zagi garinku. Ba ka cancanci ko ɗaya ba."

Ya daɗe yana kallon lemon. Ya ɗauki nawa ya shinshina. Ya ce, "Garin namu ya cancanci rabi." Sannan ya ce, "Ɗan dutse, wannan hanyar taka ce zan bi? Amai zan yi tun kafin rabi."

Ya mayar da ragarsa ciki. Bai yi surutu kamar da ba. Wani abu ya tsage tsakaninmu, ni na tsaga shi, ba zan ce ya koma daidai ba.

Talata, 17 ga Disamba, da yamma

Na goge garin da tsohon buroshin haƙori. Dona Jacira ta ba ni jan zare daga kayan ɗinkinta. Na ɗaura wa kowanne, ƙulli biyu da hanci, yadda nake yi. Na sa su cikin safa, safar cikin gwangwanin madara da garin rogo kaɗan.

Na kwana da ƙamshin a hannuna. Ɗakinmu na gani, da tagar, da ita tana miƙo mini zare tana cewa na cika jinkiri.

Laraba, 18 ga Disamba, da rana

Ya tafi. A tasha ya ce, "Me zan ce mata?" Na ce kada ya ce komai, ya sa mata a hannu kawai.

Asabar, 21 ga Disamba, da yamma

Saƙon murya daga Nectario. Ya tsallaka iyaka. A wani shingen hanya soja ya buɗe gwangwanin ya ce mene ne wannan. "Na ce masa maganin basir ne, na riga na yi amfani da shi sau biyu. Ya rufe da sauri." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, har Dona Jacira ta leƙo.

Litinin, 23 ga Disamba

Shiru. Ruwa.

Talata, 24 ga Disamba, da yamma

Marlenis ta rubuto: Nectario ya iso, yana rawar sanyi, ya ci hallaca huɗu, alalar masararmu ta Kirsimeti, ya wuce. Mama tana barci. Gobe.

Dona Jacira ta gayyace ni cin abinci da iyalinta. Na je, na zauna, na ci. Mutanen kirki ne.

Laraba, 25 ga Disamba, da rana

Marlenis ta kira daga bayan gida, ina jin iska a wayar. Zan rubuta yadda ta faɗa.

Ta sa wa uwarta lemon a cinya da safe. Uwar ta ɗauki nata ta kai hanci ta rufe ido. Ta bi kanumfarin da yatsa. Ta taɓa ƙullin zaren. Ta ce, "Wannan aikin Baudilio ne."

"Da sunanka, Baba. Wata takwas ban ji shi a bakinta ba."

Na zauna a ƙasa.

Edilia ta tashi da kanta, ta rataye nata, ta rataye na Marlenis. Sannan ta ɗauki nawa, mai zagayen. Ta daɗe tana juya shi. Ta zauna ta kwance ƙullin da farce, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda an taya ta ba. Ta naɗe zaren ta sa a aljihu. Ta ajiye lemon a farin faranti, kusa da na Argenis. Ta kunna kyandir. Ta ce, "Mutumin kirki ne. Ya cika jinkiri, amma mutumin kirki ne. Allah ya ba shi hutawa."

Marlenis tana kuka. "Na ce mata kana da rai, Baba, na ce ga waya mu kira shi. Ta ce in daina wasa da matattu. In ta yi barci in mayar da zaren in rataye?"

Na tambaye ta ko har yanzu uwar tana yi wa na farantin addu'a da yamma. Ta ce kullum, da sunayensu, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, shi kaɗai ne abin da bai ɓace mata ba.

Na ce ta bar shi a inda yake.

Alhamis, 26 ga Disamba, da safe

Na je aiki. Buhu ba ya san Kirsimeti.

Ba ta yi kuskure mai yawa ba. Mutumin da ya je sayo lemo shekara shida bai dawo ba, me za a kira shi?

Juma'a, 27 ga Disamba, da yamma

Marlenis ta ajiye wayar a kan tebur a buɗe, ba ta gaya wa uwar ba. Na ji ƙarar ashana. Na ji ta ambaci uwarta, ta ambaci Argenis, sannan ta ambace ni. Muryarta ba ta rawa. Na toshe bakina da hannu har ta gama.

Ranar Lahadi zan kira kamar kullum, zan zama bawan Allah mai sayar da wani abu. Da yamma kuwa ni ne Baudilio.

Ruwa ya sake saukowa. Gwangwanin Dona Jacira ya koma bayan firji.

Lemo ashirin da huɗu na soka. Ashirin da ɗaya sun ruɓe. Uku na tsirar, su ma ba da wayona ba. Biyu suna rataye. Ɗaya yana faranti.